Yadda Za a Koyar da Neman Kasuwa a Wurin Koyon Sana'a

Akwai wani shiru da ke biyo bayan bikin yaye ɗalibai a cibiyoyin koyon sana'a. An raba takardun shaida, wani lokaci har da keken ɗinki ko injin walda, an ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Bayan wata shida je ka duba. Sai ka tarar da wanda ya fi kowa hannu a ajin yana zaune a bakin shagonsa, kayan aiki a goge tsaf, tun safe ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Hannunsa bai manta komai ba. Abin da ya rasa shi ne yadda zai sa mutum ya tako ya zo wurinsa, ya biya abin da ya dace, kuma ya sake dawowa. Wannan abu yana ci mini rai, domin laifin yaron kaɗan ne a ciki. Mu da muka koyar da shi ne muka ba shi rabin sana'a, muka ce masa ya gama.

Wannan jagora ta malamai ce, da masu tsara manhajar koyon sana'a, da duk maigidan da ke da yara a ƙarƙashinsa. Maganata ɗaya ce: neman kasuwa a kan teburin aiki ake koyar da shi, a jikin kayan da ɗalibi ya yi da hannunsa, a gaban mai saye na gaske. Idan aka mayar da shi darasin allo na awa ɗaya a ƙarshen zango, an ɓata alli ne kawai.

Tun farko, a gane abin da ake nufi

Da an ce neman kasuwa, mutane talla suke ji. Talla kuwa reshe ɗaya ne. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, E. Jerome McCarthy, ya dunƙule aikin cikin abubuwa huɗu waɗanda har yau ake koyarwa: kayan da kansu, farashinsu, wurin da za a same su, sai kuma talla. Duba yadda talla ya zo a ƙarshe. Wanda ya yi kayan da ba a so, ko ya sa kuɗin da zai karya shi, ko ya ɓuya inda ba a ganinsa, ko ya kwana yana shela babu abin da zai canza.

Haɗa wannan ilimi da koyon sana'a ba sabon abu ba ne. A Amurka dokar George-Deen ta 1936 ta ware kuɗin gwamnati domin koyar da saye da sayarwa a cikin ilimin sana'a, kuma ƙungiyar ɗalibai masu koyon kasuwanci ta DECA, wadda aka kafa a 1946, daga nan ta samo tushe. A Jamus, mai sana'ar hannu da ke son zama cikakken maigida sai ya ci jarrabawa mai kashi huɗu: aikin hannu, ilimin sana'ar, sha'anin kasuwanci da doka, da kuma iya koyar da yara. Wato a wurinsu duk gwanintar kafinta, in bai iya tafiyar da shago ba, bai kai maigida ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da shirin horar da masu ƙananan sana'o'i da aka yi amfani da shi a ƙasashe fiye da 100, kuma neman kasuwa da lissafin farashi suna cikin ginshiƙansa.

Idan shugaban cibiyarku ya ce babu lokaci a jadawali, ga hujjar da za ku kai masa. Masu bincike uku, Stephen Anderson da Rajesh Chandy da Bilal Zia, sun ɗauki ƙananan 'yan kasuwa 852 a Afirka ta Kudu, suka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka koya musu neman kasuwa, wasu lissafin kuɗi, wasu kuma ba a koya musu komai ba. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna bayan shekara guda ribar waɗanda suka koyi neman kasuwa ta ƙaru da kusan kashi 61 cikin 100, ta masu lissafin kuɗi kuma da kusan kashi 41. Abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar da kowa ya bi. Masu lissafi sun samu riba ta wajen toshe ɓarna, masu neman kasuwa kuwa cinikinsu ne ya bunƙasa har suka ƙara ma'aikata. Kuma waɗanda suka fi amfana da darasin kasuwa su ne waɗanda ba su ga duniya da yawa ba, ba su san wata kasuwa ba sai tasu. Wannan kuwa shi ne hoton yawancin ɗalibanmu.

Mataki na ɗaya: a tura su sauraro kafin su taɓa kayan aiki

A makonni biyun farko, kowane ɗalibi ya je ya zanta da mutum goma masu amfani da irin abin da zai koyi yi. Ba zai sayar da komai ba, ba zai yi talla ba. Tambaya uku kawai zai riƙe: yaushe ne rabonka da ka ba da irin wannan aiki, me ya ba ka haushi a ciki, kuma me ya sa ka zaɓi wanda ka ba?

A hana su tambayar "za ka saya idan na yi?" Kowa zai ce i saboda kara, kuma wannan amsar ba ta da amfani. Abin da mutum ya riga ya yi da kuɗinsa shi ne gaskiya.

Idan sun dawo, a rubuta amsoshin a allo, a ƙirga waɗanda suka maimaitu. A nan ne idon ɗalibai ke buɗewa. Mai koyon ɗinki yana zaton mutane sabon yayi suke nema, sai ya ji bakwai cikin goma suna kukan saɓa alkawari. Mai koyon gyaran waya yana zaton araha ake bi, sai ya ji tsoron mutane shi ne a buɗe musu hotuna ko a musanya musu kayan ciki. Mai aikin famfo ya ji ana cewa: ya gyara, amma ya bar mini gida kaca-kaca. Duk waɗannan kasuwa ce a zube, tana jiran wanda zai sunkuya ya ɗauka.

A shekarar 1960 ɗin nan dai, Theodore Levitt na Jami'ar Harvard ya yi bayanin yadda kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka suka ja baya saboda sun ɗauka sana'arsu jirgin ƙasa ce, alhali abin da mutane ke biya shi ne a kai su inda za su, da su da kayansu. Da mota da jirgin sama suka zo, sai suka kwashe musu jama'a. Ku ba ɗalibai wannan labari, sannan ku tambayi mai walda: ƙofar ƙarfe kake sayarwa, ko kwanciyar hankalin mai gida idan dare ya yi?

Mataki na biyu: kowa ya faɗi wanda zai yi wa aiki

Wannan ba ya cin lokaci. Kowane ɗalibi ya rubuta jimla ɗaya: wa nake yi wa aiki, kuma wace damuwa nake ɗauke masa. Duk wanda ya rubuta "kowa da kowa" a mayar masa da takardarsa. Telan da ya ce shi na kayan makarantar yara ne ya san watan da aiki zai yi yawa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya san yadin da zai saya da yawa ya samu sauƙi. Zaɓin ba aure ba ne, yana iya canzawa daga baya.

Mataki na uku: farashi

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne yawancin sababbin masu sana'a ke faɗuwa ba tare da sun sani ba. Shago cike da aiki, hannu bai huta ba, amma ƙarshen wata babu abin nunawa.

A ajiye kujerar da wani ɗalibi ya ƙera a tsakiyar aji, a ce masa: nawa ka kashe? Kusan kullum zai lissafa katako da ƙusa da fenti, ya tsaya. Sai malam ya fara tono. Wa ya biya kuɗin ɗauko katakon? Wutar da injin ya sha fa? Zarton da ke dakushewa, wa zai sayi sabo? Guntayen da suka lalace? Hayar wurin? Sa'an nan babbar tambaya, wadda ke sa aji ya yi tsit: awa nawa ka yi a kanta, kuma nawa ka biya kanka?

Ɗalibai da yawa suna haɗa ladan aikinsu da riba su kira su abu ɗaya. A raba musu. Ladan aiki haƙƙin guminka ne, ko a shagon wani kake yi za a biya ka shi. Riba kuwa ta shago ce, ita ce za ta sayi sabon inji, ita ce za ta riƙe ka a watan da kasuwa ta yi sanyi.

Ga lissafin da nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa, ko da wane irin kuɗi ake ciniki a inda yake. A ɗauka kuɗin kujera 100 ne. Kayan haɗi sun ci 55, sufuri da wuta da haya sun ci 10, lalacewar kayan aiki 5. Saura 30, ladan aiki 20, riba 10. Mai saye ya zo ya ce a rage masa 10 kacal. Ɗalibi zai ga ai ba komai, kashi ɗaya cikin goma ne. To amma mai katako bai rage ba, mai haya bai rage ba. Daga cikin 30 ɗinka aka yanka, ka koma 20, riba ta tafi gaba ɗaya. Yanzu sai ka ƙera kujera uku kafin ka samu abin da biyu suke ba ka a da. Na sha ganin fuskar ɗalibi ta canza a daidai wannan wuri, ya sake bin lissafin da yatsa yana neman kuskure, bai samu ba.

Daga nan a koya musu lamba uku da za su riƙe a ka kafin mai saye ya buɗe baki: kuɗin da suka kashe, kuɗin da ba za su sauka ƙasa da shi ba, da kuɗin da za su faɗa. A kuma koya musu cewa idan dole a rage kuɗi, to a rage aiki tare da shi: a cire ado, a sauya katako, a ƙara kwanaki, amma a gaya wa mai saye ƙarara abin da aka cire. Rage inganci a ɓoye ha'inci ne, kuma shi ke kashe shago. Sai maganar kafin alƙalami: a karɓi abin da zai sayi kayan haɗi, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Kada a cika su da ƙa'idojin akanta. Wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Dominika, aka wallafa a 2014, ya gwada cikakken darasin lissafin kuɗi da kuma 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su ware kuɗin shago a aljihun tebur ɗaya, kuɗin gida a wani. Masu sauƙin ne suka fi shiga jikin mutane, musamman waɗanda iliminsu na lissafi bai yi zurfi ba.

Mataki na huɗu: a buɗe musu baki

Gwanaye da yawa ba sa son magana. Za ka ji suna cewa kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Akwai gaskiya a ciki, amma sai ga wanda ya san kyan. Mai saye ba ya ganin ɗinkin ciki, ba ya ganin waldar da ta ratsa ƙarfe da wadda aka shafa a sama. In ba a nuna masa ba, araha zai bi.

Kowane mako a ware minti ashirin. Ɗalibi ya tsaya da abin da ya yi, ɗan'uwansa ya zama mai saye. A ce ɗalibar ɗinki ce da riga a hannu. Karon farko za ta ce: "Ga shi, yana da kyau." Shi ke nan, ta sunkuyar da kai. Malama ta karɓi rigar ta juya cikinta, ta ce: "Nuna masa nan. Gaya masa dalilin da ya sa kika ninka bakin sau biyu." Karo na uku sai ka ji tana cewa: "Duba nan, ranka ya daɗe, na bi shi sau biyu ne saboda nan ne yake fara ɓarkewa idan yaro yana guje-guje." Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta sani ne ta mayar da shi harshen mai saye.

A sa su su saba da masu wuyar sha'ani kuma: mai cewa wancan shagon ya fi araha, mai zuwa da fushi, mai son a gama masa yau-yau. Amsar "ba zan iya gamawa ranar ba, amma kwana biyu bayan nan zan cika" tana da nauyi a bakin sabon mai sana'a, don yana tsoron aikin ya kuɓuce masa. Gara ya koyi faɗinta a aji. Kyan alkawari cikawa, kuma kun riga kun ji a mataki na ɗaya cewa saɓa shi ne abin da mutane suka fi kuka da shi.

Mataki na biyar: hoto da waya

A nan ɗalibai sukan fi malamai sani, don haka kada a ɓata lokaci. Abin da suke buƙata kaɗan ne: hoto a hasken rana, bango marar tarkace, hoton kafin gyara da na bayan gyara, da kuma neman izinin mai kaya kafin a sa hoton kayansa ko fuskarsa a intanet. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da bayaninsu, kuma ta isa mai farawa. A gargaɗe su da babbar murya kada su ɗauko hoton aikin wani su ce nasu ne. A kuma nuna musu cewa yawan masu danna alamar so a Facebook ko Instagram ba ciniki ba ne. Abin ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tambaya, nawa suka saya.

Mataki na shida: kasuwa ta gaske

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a yaye kowa, ya zamana ya sayar da wani abu ga mutumin da ba danginsa ba ne, ba kuma malaminsa ba. A raba ajin rukuni-rukuni na mutum uku ko huɗu, a ba kowane rukuni ɗan jari a matsayin rance, a ba su mako huɗu. Su zaɓi abin da za su yi bisa abin da suka jiyo, su sa farashi, su nemo masu saye, su dawo da jari da bayanin abin da ya faru.

Wasu za su yi asara. A bar su su yi. Asarar ɗan jarin makaranta, da malam a gefe yana tambayar "a ina aka kuskure?", ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan asarar kuɗin da iyaye suka tara shekara da shekaru. Abin da ba za a lamunta ba shi ne rukunin da ya zauna yana jiran a zo.

Wannan tashi da nema ana iya koyar da shi. A birnin Lome na ƙasar Togo an gwada masu ƙananan sana'o'i 1,500, aka wallafa sakamakon a 2017. Waɗanda aka horar a kan zaburar da kai, wato neman sabuwar hanya, fara abu ba tare da jiran umarni ba, da jure cikas, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara biyu. Waɗanda aka ba darasin kasuwanci na gargajiya ƙaruwarsu kashi 11 ce, kuma ba ta kai yadda masu binciken za su tabbatar ba sa'a ba ce. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, duk makon da ɗalibi bai fita ya gwada wani abu ba, makon bai cika ba.

Mataki na bakwai: bayan an biya

Kowane ɗalibi ya buɗe littafi tun yana makaranta: sunan mai saye, abin da aka yi masa, ranar da aka yi alkawari, ranar da aka cika, da abin da ya ce. Bayan mako guda a kira shi a tambaya ko aikin yana nan lafiya. Kira ne na minti ɗaya, amma masu yinsa ba su da yawa, shi ya sa ba a manta mai yi. Makanikin da ya tuna wa mai mota lokacin canjin mai ya yi, ya samu aiki ba tare da ya biya kuɗin talla ba.

A koya musu karɓar ƙorafi. Wanda ya dawo yana faɗa ya ba ka dama ta biyu. Wanda bai dawo ba yana can yana ba wasu labari. Tsarin mai sauƙi ne: ka saurara har ya gama, ka duba aikin a gabansa, in laifinka ne ka amsa ka gyara, in ba naka ba ne ka yi bayani a hankali. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a shago ma haka take.

Waɗanda aikin albashi za su nema fa?

Wani zai ce ai ba kowa ne zai buɗe shago ba. Gaskiya ne. Amma mai neman aiki ma haja yake kaiwa kasuwa, hajarsa ita ce iyawarsa. Tambayoyin ba su canza ba: me wannan kamfani yake buƙata, me ke ba shi ciwon kai, da me zan nuna na iya? Ɗalibin da ya je ganawa da hotunan ayyuka goma da ya yi, da littafin da ke nuna ya cika alkawari a kan lokaci, ya sha gaban mai takarda zalla. Bayan ya samu aikin kuma, shi ne zai shiga gidajen mutane ya haɗa musu wuta ko na'urar sanyaya ɗaki. Mai gidan bai taɓa ganin manaja ba, shi ya gani. Yadda ya yi sallama, yadda ya yi bayani, yadda ya share wurin kafin ya tafi, da su za a auna kamfanin.

Mataki na ƙarshe: a sa shi a jarrabawa, a kuma nemo mai koyarwa

Abin da ba a ba shi maki ba, ɗalibai ba sa ɗaukarsa da muhimmanci, malamai ma haka. Shawarata ita ce a ware kashi ɗaya cikin biyar na makin ƙarshe ga wannan ɓangare, kuma kada a yi shi da tambayar "kawo ma'anar kasuwanci". A duba abubuwa huɗu: takardar lissafin farashin abin da ya ƙera, bayanin minti biyu a gaban baƙo, littafin masu saye, da rahoton makonni huɗun nan, ko riba aka ci ko asara. Wanda ya yi asara amma ya iya nuna inda ta fito ya cancanci maki mai kyau.

Saura matsalar da ba a cika son faɗa ba: malamai da yawa ba su taɓa sayar da komai ba, daga makaranta suka dawo makaranta. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma yana da magani. A gayyato masu sana'ar da shagonsu ya shekara goma yana tsaye, su zo sau ɗaya a wata. Kada a ce su yi lacca, domin yawancinsu nasiha za su yi su tafi. A ajiye musu takardun lissafin ɗalibai su duba, su zama masu saye a lokacin gwajin baki, su faɗi inda farashi ya yi ƙasa da inda magana ta yi yawa. Malamin aji kuma ya zauna tare da ɗalibai da nasa littafin, yana rubutu.

Bayan yaye da wata shida, cibiya ta kira kowane ɗalibi ta yi masa tambaya uku: mutum nawa ka yi wa aiki a watan da ya wuce, nawa ne daga cikinsu suka taɓa zuwa a baya, kuma ka biya kanka ladan aiki? A rubuta amsoshin, a ajiye su kusa da manhaja, a buɗe su ranar da za a zauna tsara zango mai zuwa.